Shaida Ɗaya Ta Rage a Ribaɗin Tandabawi

Zuwa ga Alhaji Abdurrahim ɗan Malam Sa'idu, Nazir mai kula da Ribaɗin Mata Muhajirai da ke unguwar Tandabawi, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da muƙaminka, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da fatan uwargidanka ta samu sauƙin ciwon ƙafar da aka ce tana fama da shi. Ni ce Hauwa'u 'yar Malam Buba, wadda kuke kira Inna Kulu, mai ɗakin farko a hannun dama in an wuce zaure. Na san ka san ni, tunda a bayana ka yi kukan yaye. Na faɗi sunana ne don ba kai kaɗai za ka karanta wannan takarda ba.

Ban so abin ya kai ga haka ba. Sau uku na aika maka, sau ɗaya kuma na taka har gidanka na unguwar Zahir da waɗannan gwiwoyin nawa, aka ce mini kana hutawa. Na zauna a dakalin ƙofa har inuwa ta juya, ba ka gama hutawa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta da ajamin da mahaifina ya koya mini, na yi kwafi uku. Ɗaya na hannunka, ɗaya na liƙa a ƙofar ribaɗi, ɗaya kuma na roƙi liman ya sa a karanta wa alhazan ƙasarmu da suka fara sauka a unguwa.

Ga maganar, don wanda bai sani ba. Ribaɗinmu gida ne na waƙafi, ɗakuna goma sha biyu, an gina shi don matan da suka rasa ƙasarsu. A ɗaki na biyar akwai wata Bafalasɗiniya, sunanta Zarifa, muna kiranta Ummu Yusuf. Ta zo aikin Hajji bara tare da yayanta, shi kaɗai ya rage mata, zafi ya kwantar da shi a Mina bai tashi ba. Wani mai sayar da ruwa ya tarar da ita zaune a bakin Harami kwana da kwanaki, ya kawo mana ita. A farkon Shawwal ɗin nan ka zo, ka tsaya a tsakar gida, ka ce ta kwashe kayanta kafin watan Zulƙida ya tsaya. Dalilai biyu ka bayar. Ka ce gidan na waɗanda baƙi suka mallaki ƙasarsu ne, su kuwa Falasɗinawa Larabawa ne, ba wanda ya taɓa mallakar su, rigima ce kawai ta tashi suka watse. Ka kuma ce sunanta ba ya cikin littafi. Zan amsa maka ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya: abin da kakanka ya faɗa.

Ina nan aka gina gidan nan, ba labari aka ba ni ba. Da kaina na ɗebo dutse daga gindin tsauni, ni da matan da muka iso tare, har wuyanmu ya sage. Ranar da aka rufa ɗakin ƙarshe, kakanka Malam Haruna, Allah ya jiƙansa, ya tara mu a tsakar gida ya faɗi sharaɗi da bakinsa, aka kuma rubuta shi a takardar waƙafin da ke cikin akwatinka. Ya ce gidan na mace ne wadda baƙi suka mallaki ƙasarta, ta fito, ba ta da miji ko ɗa da zai riƙe ta, ba ta kuma da inda za ta koma. Iyakar sharaɗin ke nan. Bai ce Bahausa ba, bai ce Bafillata ba, bai ce baƙar fata ba. Ka buɗe akwatin ka duba. In na ƙara wani abu daga bakina, ka ƙaryata ni a gaban jama'a.

In ka manta, ni ban manta da Inna Siti ba, mutuniyar Jawa, wadda ta zauna a ɗaki na takwas har ta rasu. Turawan Holan ne suka ci tasu ƙasar. Ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa, amma kakanka da kansa ya rubuta sunanta. Ita ce ke yi maka alewar kwakwa, kana leƙa ƙofarta da majina a hanci.

Ya kuma ajiye wata ƙa'ida wadda muke kira zaman shaida. Ya ce ba nazir ne zai yanke wadda ta cancanta ba, don wata rana za a samu nazirin da bai taɓa barin gida ba. Mutum biyu waɗanda suka ga mulkin baƙi da idonsu, su za su zauna da baƙuwa su ji labarin fitowarta. In sun gamsu, aikin nazir shi ne ya rubuta. Lokacin da ya faɗi haka ba a ko haife ka ba, amma ka ga kamar kai yake hangowa.

Na biyu: inda kuskurenka ya fito.

Ɗana, a Makka aka haife ka. Ba ka taɓa ganin Nasara ba sai in ka sauka Jidda ka hango shi ya wuce a mota. Balaraben da ka sani shi ne mai gidan haya, da muɗawwafi mai jagorancin alhazai, da malamin ofis da ke tsayar da mu a rana kafin ya buga hatimi a takardar zama. Tun kana ƙarami Balarabe kake gani a zaune, mu 'yan Takari a tsaye. Sai zuciyarka ta yanke maka cewa duk mai wannan harshe, a ko'ina yake, a zaune yake. Ba na jin mugunta ce ta sa ka. Rashin fita ne.

Ba zan ɓoye ba, ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Ranar da aka shigo da Ummu Yusuf na dube ta daga sama har ƙasa, na ce a raina me farar mace za ta nema a gidan Takari. Kwana uku ban ba ta ko ruwan alwala ba. Ina neman gafarar Allah a kan wannan, na kuma nemi tata ta yafe mini. Bambancina da kai shi ne ni na zauna na saurare ta.

Na uku: abin da ta faɗa a zaman shaida.

Ƙauyensu yana tsakanin Yafa da Ramla, ƙasar lemo da zaitun. Da ta buɗe ido Turkawa ta tarar suna mulki. Tana budurwa babban yaƙin farko ya tashi, sojojinsu suka zo suka ɗebi maza. Mahaifinta yana cikin waɗanda aka tafi da su, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Suka sare itatuwan zaitun da kakanninta suka shuka, don jirgin ƙasa ya rasa gawayi. Fara ta sauka ta cinye abin da ya rage, mutane suka riƙa tsintar ƙwayar sha'ir a kashin dawaki. Wannan ban buƙaci a rantse mini ba, don na tarar da Turkawa a nan Makka, na ga sojojinsu a ganuwar kan dutse, na san yadda hakiminsu ke magana ta bakin tafinta da mutanen gari. Na san za ka ce Musulmi ne, alƙibla ɗaya muke fuskanta, kuma sun daɗe ƙwarai a can. To, na bar wa malamai su yanke ko mulkinsu na baƙi ne ko ba na baƙi ba. Ba da su zan kafa hujjata ba.

Amma Ingilishi fa? A ƙarshen wannan yaƙi suka shiga Ƙudus da sojojinsu, suka zauna wajen shekara talatin. Bature ne gwamna, ba kuwa wanda ya tambayi mutanen ƙauyensu ko suna son sa. Shi ke naɗa alƙalai, shi ke sa haraji, shi ke cewa wane ya shiga ƙasar wane ya fita. An ce mini a takarda sun kira abin riƙon amana, wai za su riƙe ƙasar har mutanenta su iya da kansu. Mu ma a Sakkwato an ce mana kariya aka kawo mana. Mahaifina bai ga abin da aka kare shi daga gare shi ba, ya dai ga bindiga mai ruwa a bakin ganuwa.

Ta ce da mutanen ƙasar suka tayar wa Ingilishi, wata safiya sojoji suka kewaye ƙauyen don an yi harbi a kan hanyar mota. Suka tara maza a fili, suka zagaye su da waya, suka bar su a rana daga hantsi har la'asar ba ruwa. Suka shiga gidaje suna neman bindiga. A gidanta ba su samu komai ba, sai suka tuntsurar da tulunan man zaitun a kan buhunan gari suka tattake, abincin shekara guda. Gidan surukinta suka sa masa nakiya, don shi ya fi kusa da hanya. Mijinta aka tafi da shi sansani, ba alƙali ba shari'a. Ya dawo bayan shekara biyu yana tari, tarin da bai sake shi ba sai kabari.

Sai Ingilishi suka naɗe kayansu suka tafi, suka bar wuta a bayansu. Yaƙi ya iso ƙauyen da rani. Aka fito da ƙafa, tsofaffi a kan jakuna, yara a kafaɗa. Ɗanta Yusuf ya koma ɗauko wata tsohuwa da ta kasa tafiya, ya ce su ci gaba zai cim musu a rijiyar da ke gaba. Ta jira shi a bakin rijiyar har aka ja ta da ƙarfi. Yau hanyar ƙauyen a rufe take, ba a bari kowa ya koma. Game da mutanen da ke zaune a can yanzu, ban ji daga bakinsu ba. An ce su ma an kore su daga wasu ƙasashe, an kashe musu jama'a masu yawa. Allah ya san gaskiyar kowa, kuma ba shari'arsu aka kawo gabana ba. Abin da aka kawo gabana shi ne ko wannan mata ta zauna ƙarƙashin mulkin baƙi, ta fito, ba ta da inda za ta koma. Sarkin Ingila ɗaya ne, ɗana. Wanda ya aiko mana shi ya aika musu.

Na huɗu: yadda na san ba ƙarya take ba.

Za ka ce kowa na iya tsara labari don ya samu ɗaki. Haka ne, an kuma taɓa gwada mu. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa tambayar baƙuwa sunan sarki ko na gwamna, don wannan ana jin sa a kasuwa. Tambayarsu ita ce me ta bari ba ta gama ba ranar da ta fita. Mai ƙarya takan ce ta bar gonaki da shanu da gida mai bene. Wadda aka kora da gaske ƙaramin abu take faɗa, kuma tana faɗa muryarta ke canzawa.

Ni da aka tambaye ni, akuya na faɗa. Ina 'yar shekara goma sha uku muka fito, bayan Nasara sun shiga Sakkwato mahaifina ya ce ba zai kwana ƙarƙashinsu ba. Mahaifiyata ta ɗauka kwana uku za mu yi a daji ƙura ta lafa mu dawo. Ta ce in ɗaure akuyarmu a turke in zuba mata harawa da ruwa na kwana uku. Na ɗaure ta da kyau, ɗaurin da ba ya kwancewa, don a yabe ni. Shekara bakwai muka yi a hanya. Muka bi ta Barno, muka tarar da Faransa a Wadai, muka tarar da Ingilishi a Sudan, duk inda muka nufa sun riga mu. Mahaifiyata a hanya muka binne ta, ban iya nuna wurin ba yau. Amma har gobe, in na ji akuya na kuka a ɗaure, sai abinci ya fita raina.

Ummu Yusuf ma muka yi mata wannan tambaya. Ta ce ta kwaɓa gari da asuba, ta rufe shi da farin ƙyalle ya tashi, ta ajiye a inuwa don kada ya yi tsami kafin su dawo da yamma. Ta ce a kan igiya kuma akwai rigar Yusuf da ta wanke, ta so ta ɗauka, ta taɓa ta ji da sauran danshi, ta ce bari ta ƙarasa bushewa. Goggo Adama, wadda muka yi zaman tare, ta ɗaga hannu ta ce ya isa, a rubuta ta.

Akwai kuma abin da ba ta faɗa ba, na gani da idona. Ranar da ma'aikatan lafiya suka zo duba gidaje, suka ce mu fito mu jeru a ƙirga mu, kafin a gama magana ta riga ta tsaya a jikin bango, hannuwanta a buɗe a gabanta, idonta a ƙasa. Na juya na ga ni ma haka na tsaya. A Sawakin, bakin tekun Sudan, na koyi wannan tsayuwa, ranar da Bature ya bi layinmu da sanda yana taɓa kan kowa kafin a bar mu mu hau jirgin ruwa. 'Yan matan da aka haifa a nan kuwa suna ta hira da dariya a layin, ba abin da ya dame su.

Na biyar: batun littafi.

Ka ce sunanta ba ya ciki. Gaskiya ne, amma wa ke riƙe da littafin? Mun yi zaman shaida a watan Jimada na ƙarshe, ni da Goggo Adama, mu biyu kaɗai muka rage cikin waɗanda suka zo da ƙafa. Washegari na aika maka cewa mun gamsu, ka zo ka rubuta. Ka ce sai ka dawo daga Ɗa'if. A Rajab na sake aikawa, ka ce ana ɗaurin auren ƙanin matarka. A farkon Sha'aban na aika na uku, na ce maka Adama ba ta da lafiya, ka yi sauri. A tsakiyar watan ta rasu. Ka zo jana'iza, ka yi mana ta'aziyya, littafin kuwa ba ka zo da shi ba. Yanzu kai ne ke cewa shaidar mamaci ba ta shiga littafi, shaida ɗaya kuma ba ta isa ba. Wata uku littafin yana jiranka, Adama tana jiranka. Laifin jinkirinka ne kake so ka ɗora wa baiwar Allah a ka ta fita da shi titi.

Na ji kuma ɗakin nata so kake ka ba Hajiya Rabi, wadda mijinta ya rasu a unguwarku. Ba ni da rigima da ita, 'yar ƙawata ce. Amma a Makka aka haife ta, tana da 'ya'ya maza biyu masu shago. In matansu ne ba sa son zama da ita, wannan magana ce da ya kamata ka kira su ka yi musu. In kuma dole sai ta zo, akwai ɗakin soro da ka cika da karyayyun gadaje da tsofaffin garewani, a share shi. Na ma ce maka Ummu Yusuf ta dawo ɗakina mu raba tabarma, ka ce a'a, gidan gaba ɗaya ba na irinta ba ne. Wannan kalma ce ta sa ni rubutu.

Na shida: kira ga alhazan ƙasarmu.

Ku da ake karanta wa wannan takarda, ga abin da nake nema a wurinku. Kakan nazir bai ce shaida sai mace ba, bai ce sai mazaunin gidan ba. Ya ce wanda ya ga mulkin baƙi da idonsa. Na ji cewa a yaƙin da ya wuce Ingilishi sun ɗebi 'ya'yanmu a soja, sun kai wasu Masar, wasu har Falasɗinu, suna gadin rumbunan kaya da hanyoyi. Bara na haɗu da ɗaya a farfajiyar Harami, dogo, mai tsagar Katsinawa, ya taimake ni na tashi daga inda na zauna. Ya ce mini ya yi gadi a bakin teku a Haifa, ya ga Turawan da ke mulkin Kaduna irinsu ne ke mulki a can, tufa ɗaya, tuta ɗaya. Ban tambayi sunansa ba, don ban san zan buƙace shi ba.

In akwai irinsa a cikinku bana, ina roƙonsa don Allah ya tako Tandabawi, ya tambayi ribaɗin mata, kowane mai shago zai nuna masa. Ba wanda zai tuhume shi a kan kakin da ya sa, mun san ba shawararsa aka nema ba. Ya zauna na ɗan lokaci ya ji bakin matar nan, ya faɗi abin da ya gani a ƙasarta, shi ke nan. Kwana goma sha ɗaya suka rage watan ya tsaya.

Na bakwai: abin da ya shafe ni.

Ba zan yi maka ƙaryar cewa don gaskiya kaɗai nake wannan faɗa ba. Har da don kaina. Mu goma sha tara muka fara shiga gidan nan, wasu bibbiyu a ɗaki. Na yi wa goma sha takwas wankan gawa. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da na haifa ba wanda ya kai yaye. Matan da ke ɗakunan yanzu mutanen kirki ne, suna kawo mini kunu, suna ɗebo mini ruwa. Amma 'ya'yan muhajirai ne, ba muhajirai ba. Tsakaninsu Larabci suke yi, in kuma na fara labarin hanya sai kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ban ga laifinsu ba, labarin ya tsufa. Tun da aka fita da Adama nakan yini ban faɗi wata magana ba sai salati. Ina zaune kusa da Ɗakin Allah, inda duniya duka ke marmarin zuwa, na gode masa. Amma kaɗaici yana nan, ba na jin kunyar faɗa.

Da la'asar mukan hau soro ni da Ummu Yusuf. Ita tana tsince adas, ɗan wakensu na Larabawa, a faranti, ni ina ɗinkin faifai. Larabcinta da nawa ba su cika haɗuwa ba, wani lokaci sai da hannu. Ita takan fuskanci arewa, ni yamma. Mukan daɗe ba wadda ta ce uffan, amma ban taɓa sauka daga soron nan ina jin ni kaɗai ce ba. Ba na buƙatar in yi mata bayanin abin da ya sa nake kuka ran Sallah, ita ma ba ta buƙatar ta yi mini.

Ranar da ka ba ta wa'adi ba ta yi maka gardama ba, ta ce to, ka tafi kana ganin an rabu lafiya. Ni na san wannan "to" ɗin. Kana fita ta ɗaure kayanta a zane ɗaya ta ajiye a bakin ƙofa. Kullum sai ta kwance ƙullin ta ɗauko kofi ta sha ruwa, ta mayar, ta sake ɗaurewa. Ta daina hawa soro. Ta daina shanya wanki, a ɗaki take baza shi kusa da hannunta.

Saboda haka, Alhaji Nazir, ga buƙatuna.

Ka kawo takardar waƙafi a karanta ta a tsakar gida a gaban liman da matan gidan, kowa ya ji sharaɗin da kunnensa.

Ka karɓi shaidar Goggo Adama, tunda mata huɗu sun ji ta faɗa, kuma jinkirin daga wajenka ya zo. In ba za ka karɓa ba, ka ɗage wa'adin har alhazai su gama aikin Hajji, ko Allah zai kawo mana shaida na biyu.

Ka zo da kanka, ba aike ba, ka zauna a tabarma ka ji bakinta sau ɗaya. Larabcinka ya fi nawa, ba ka buƙatar tafinta.

In duk wannan bai yiwu ba, to ranar da watan ya tsaya kada ka aiko ɗan dako ɗaya, ka aiko biyu. Labarin da ta bayar shi ne labarin da na bayar aka ba ni ɗaki. In nata bai isa hijira ba, nawa ma bai isa ba, ka buɗe shafin farko na littafin ka soke sunana da hannunka. Zan riƙe hannunta mu koma bakin Harami inda aka tsince ta. Na taɓa yin shekara bakwai a hanya, wannan tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.

Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya, don har yanzu ɗana ne kai. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci zuriyarka, ya jiƙan kakanka da mahaifinka, ya sa ka sauke amanar da suka bar maka. Allah ya bar ka a gidanka har ƙarshen ranka. Allah kada ya nuna maka, kai ko 'ya'yanka, ranar da za ku tsaya a tsakar gidan wani kuna neman mutum biyu da za su yarda cewa kun taɓa samun gida.

Wassalam.

Mai goyonka,
Hauwa'u 'yar Malam Buba (Inna Kulu),
Ɗakin farko, Ribaɗin Mata Muhajirai, Tandabawi, Makka.